Ba zurfin teku ne ya kashe mutanen Titan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan jiragen nutso. Har yau idan aka tayar da zancen Titan, jirgin nan da ya wargaje ranar 18 ga Yunin 2023 da mutum biyar a ciki, abin da nake ji a majalisa shi ne wa ya aike su, ai ƙasan teku ba wurin ɗan Adam ba ne. Ni makaniken injin jirgin ruwa ne, kuma ban yarda da wannan magana ba. Ajali in ya zo ba makawa, amma sanadin nan ƙira ce.

Tarkacen Titanic, katafaren jirgin ruwan nan da ya nutse, da suka je kallo yana zurfin mita 3,800 ne. To tun ranar 23 ga Janairun 1960 mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, suka sauka kusan mita 10,900 a ramin Mariana, wuri mafi zurfi a ƙasan teku, cikin jirgin Trieste, suka dawo lafiya lau. Mahaifin Jacques, Auguste Piccard ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya tsara shi, aka haɗa a Italiya.

Dabarar mutumin nan tana burge ni. Bai cika tankin da ke ɗaga jirgin da iska ba, don ruwa zai matse iska. Fetur ya zuba, wajen lita 85,000, saboda fetur bai kai ruwa nauyi ba, tasowa yake yi kamar mai a kan miya, kuma ba ya matsuwa sosai. Ya bar ƙasan tankin a buɗe, ruwan teku na shiga yana daidaita matsin ciki da na waje, shi ya sa tankin bai buƙaci kauri ba. Mutanen kuwa suna cikin wani dunƙulen ƙarfe a ƙasa, wanda kamfanin Krupp na Jamus ya ƙera, kaurin bangonsa ya haura santimita 12. Zagayayye ne, nauyin ruwa ya rarrabu a kansa daidai wa daida. Sai kuma tan tara na ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke jan jirgin ƙasa, maganaɗisun lantarki ke riƙe da su. Batir na mutuwa za su zube da kansu, jirgi ya taso ko da na ciki sun suma.

Titan fa? Doguwar ganga ce ta zaren kabon, aka liƙa mata bakin ƙarfen titaniyom da gam. Zaren kabon gwani ne wajen jure ja, amma matsi daga waje wata magana ce daban. Masu jirgin ba su kai shi ga hukumomin da ke tantance jirage ba. A 2022 an ji wata ƙara mai ƙarfi daga jikinsa bayan wani nutso, aka ci gaba da ɗaukar mutane. Mu nan ko yaron shago ya san injin da ya sauya murya kashe shi ake yi a kwance a duba, ba a ƙara masa wuta.

Abin da ya sa na damu shi ne namu jiragen katako na tafkin Kainji. Cikinsu fayau yake daga gaba har baya, kututture ɗaya ya fasa katako ruwa ya cika ko'ina. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Warra na watan Mayun 2021 ba. Da ana raba cikin jirgi da bangaye uku ko huɗu waɗanda ruwa ba ya ratsawa, a cusa robobi rufaffu a ƙarƙashin benci, da ko ya fashe zai daɗe yana yawo kafin Sarkawa su iso. Malam Edita, ka turo wakilinka Yauri ya zauna da masu haɗa jirage, ya tambaye su nawa wannan ƙarin zai ci a kan jirgi ɗaya, a buga kowa ya gani, har da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida.

Naka,
Wani makaniken injin jirgin ruwa,
Yauri, Jihar Kebbi