A Ajiye Rajista a Laburaren Makaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Makarantun ƙauyukan Jigawa na roƙon littattafai da fatar baki, alhali lissafi ne ke gamsar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Rajista ɗaya ta isa: sunan ɗalibi, aji, littafin da ya ara, ranar dawowa. A farkon zango kowane yaro ya karanta shafi na minti 1, malami ya ƙirga kalmomin da ya furta daidai. A ƙarshen zango a maimaita, amma da wani shafin daban, don yara kan haddace na farko. Kada a gwada masu ƙwazo kaɗai, kuma a rubuta makonnin girbi da aji ke watsewa. Littattafan da gara ta ci ma a lissafa su, su ne hujjar neman kabad na ƙarfe.

Wasu malaman firamare, Ringim