Kafin Makaɗi Ya Sauya Jitarsa Da Ta Wani Kamfani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in amsa wata tambaya da matasa masu koyon kiɗa suke yawan yi mini tun da suka ga na ajiye jitar da na shafe shekara 20 ina kaɗawa, na ɗauki ta wani kamfani dabam. Kullum abin da suke so su ji shi ne wane kamfani ya fi iya ƙera jitar katako, irin wadda ba ta bukatar lantarki. Amsata ita ce, a tsakanin manyan kamfanonin nan maganar fifiko ba ta taso ba. Kowannensu yana da irin muryar da yake nema, kuma wanda zai sauya sai ya shirya sake horar da hannunsa da kunnensa.

Jitata ta farko Martin D-28 ce. Wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, shi ya kafa kamfanin a New York a 1833, ya mayar da shi garin Nazareth da ke jihar Pennsylvania a 1839, kuma har yau a can yake. Irin wannan ƙira mai faffaɗan ciki ana kiranta dreadnought, sunan da aka aro daga wani katafaren jirgin ruwan yaƙi na Ingila, kuma a 1931 Martin ya fara sayar da ita da sunansa. Muryarta mai kauri ce, tana cika ɗaki, kuma idan aka buge ta da ƙarfi ba ta shaƙewa. Ba ni da laifin da zan ɗora mata ko ɗaya. Ni ne na canza, domin na daina buga tsirkiyoyi gaba ɗaya da ɗan filastik, na koma kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ga kuma kafaɗata ta dama da ta fara gajiya da rungumar babban ciki na tsawon sa'o'i.

Shi ya sa na koma ga Taylor, kamfanin da Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa a 1974 a Kalifoniya, na zaɓi ƙirarsu ta Grand Auditorium wadda ta fito a 1994, mai tsukakken ƙugu da ke zama daram a cinya. Ba zan ɓoye maka ba, makonnin farko na yi nadama ƙwarai. Na ji muryarta siririya, na rasa wannan gurnani na ƙasa da kunnena ya saba da shi, kuma duk ɗan kuskuren da yatsana ya yi sai ya fito fili. Sai da na yi kusan wata 3 kafin na gane cewa ina dukanta ne da ƙarfin da tsohuwar take so, alhali ita tana amsa taɓi mai laushi. Da na sassauta hannu, sai na fara jin kowace tsirkiya dabam da 'yar'uwarta, wanda kuwa shi ne abin da na fita nema tun farko.

Wannan bambanci yana da dalilai da ake iya gani da ido. A ƙarƙashin fuskar jita akwai 'yan sandunan katako da aka manna, waɗanda suke hana tsirkiyoyi fasa ta, kuma su ne suke tsara yadda za ta girgiza. Martin ya shahara da gitta su kamar harafin X tun ƙarni na 19, kuma yawancin masu ƙira sun bi sahunsa. A 2018 Taylor ya fito da tsarin V-Class, inda ake jera sandunan kamar harafin V, ƙirar ma'aikacinsa Andy Powers, tsarin da kamfanin ya ce yana sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Kunnena ya yarda da hakan, amma na san makaɗa ƙwararru da suka fi son tsohon tsari, kuma ban ga sun yi kuskure ba. Akwai kuma maganar wuyan jita. A jitocin Martin irin D-28 ana saƙala shi ne a cikin jiki a manne da gam, Taylor kuwa da sukurori yake ɗaure nasa, don haka ranar da wuya ya karkata saboda tsufa, gyaransa ya fi sauƙi. Tsawon tsirkiya ma abin dubawa ne: inci 25.4 a D-28, inci 25.5 a yawancin Taylor, amma inci 24.75 a Gibson J-45 da ta fito a 1942, kuma tun da gajeriyar tsirkiya ba ta kai doguwa tauri ba, shi ya sa mai raunin yatsu yake jin Gibson ta fi laushin dannawa.

Saboda haka ina ba duk mai niyyar sauyi shawara kada ya yanke hukunci da abin da ya ji a waya, domin na'urar ɗaukar sauti tana ƙara wa jita abin da ba ta da shi, tana kuma rage mata. Ya kaɗa ainihin wadda zai saya, tun da itace biyu ba sa zama ɗaya, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su a rana ɗaya. Ya kuma miƙa ta ga wani ya kaɗa, shi ya koma gefe ya saurara, saboda abin da makaɗi yake ji ta bayan jita ya sha bamban da abin da yake isa kunnen jama'a. Kafin ma a kai nan, ya kai tsohuwar tasa wurin mai gyara a sa mata sababbin tsirkiyoyi a daidaita nisansu da wuya. Na ga mutane da dama da suka zaci sun gaji da jitarsu, ashe tsirkiyoyi ne suka yi nisa da wuya.

Mai neman tsohuwar jita ya kula da itacen da aka yi ta da shi. Rozwud na Brazil, wanda Martin ya daina amfani da shi a D-28 a 1969, yana ƙarƙashin kariya mafi tsanani ta yarjejeniyar CITES, wadda take tsara cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 1992, kuma ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardu. Kowace iri aka saya, tana bukatar laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, in ba haka ba fuskarta tana iya tsagewa.

Ban sayar da tsohuwata ba, kuma ina roƙon wanda yake da hali kada ya yi gaggawar rabuwa da tasa kafin ya cika shekara da sabuwar. Har yanzu, duk ranar da zan raka mawaƙi mai babbar murya, D-28 nake ɗauka.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani makaɗin jita, mai karanta jaridarka