Wasiƙa zuwa ga Dogo a Maleshiya

Yelwa, Bauchi

Assalamu alaikum, Dogo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso tun kafin azumi. Amma bari in fara da abin da ya cika mini ciki, don kai ne za ka fi kowa gane shi.

Ka san a bana ni aka bai wa 'yan aji ɗaya, fiziks na zangon farko. A gwajin farko na ba su wata tambaya mai sauƙi: an saki dutse a bakin rijiya, ya kai ruwa bayan daƙiƙa 2, nawa ne zurfin rijiyar? Dogo, yara da yawa sun bar wurin fayau. Wata yarinya ma ta rubuta mini a gefen takarda, cikin ladabi, cewa tambayar ba ta cika ba, lamba ɗaya kawai aka ba da. Na kira ta ofis na ce ta faɗa mini labarin dutsen da Hausa. Ta ce, "Malam, sakin sa aka yi ko wurga shi aka yi?" Na ce saki. Ta ce, "To ai ba shi da gudu a farko ke nan." Da kanta ta tuno cewa jan ƙasa na ƙara wa abin da ke faɗuwa gudun mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ta ɗauki rabin 9.8 ta ninka da 4, wato daƙiƙa 2 sau 2, ta samu mita 19.6. Ko kalkuleta ba ta taɓa ba. Lissafin yana kanta tun daga sakandare, jimlar Turancin ce ta ɓoye mata lambobi biyu.

Tun daga ranar nake karanta tambayoyinmu da wani ido dabam. Mu da muka daɗe a harkar mun manta yawan abin da muke dunƙulewa cikin kalma guda. In an ce teburi sumul ne, ana nufin ka manta da gogayya. In an ce igiya ba ta da nauyi, kalmar da Bature ke amfani da ita, wato "light", ita ce kuma ta haske, sai yaro ya tsaya yana neman fitila a cikin tambayar. Mace ta ɗauko tulu a ka ta yi tafiya a miƙaƙƙen fili, mu ce ƙarfin da take tallafe tulun da shi bai yi aiki ba, alhali yaron ya ga uwarsa ta dawo daga rafi tana haki. Babu mai zaunar da su ya ce musu wannan yaren aji ne, yana da ƙa'idarsa. Sai mu ja jan biro mu ce yaran yanzu ba sa karatu. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Af, Ladan ya yi aure! Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura a Gombe, muka cika mota biyu. An yi ta tambayar ina Dogo, na ce yana can yana cin shinkafa da kwakwa har ya manta ɗanɗanon masar Wunti. Hoton da ka turo ma ya nuna, wuyan rigar nan ya fara kuka.

To, ga abin da na fara yi a tutoriyal. Na hana kowa rubuta fomula a mintunan farko. Su zauna uku-uku, ɗaya ya ba da labarin tambayar da bakinsa, da kowane harshe ya ga dama, na biyu ya zana hoton, na uku ya jera abin da aka faɗa a fili da abin da aka ɓoye. Bayan nan ne za su rubuta amsa, da Turanci, a cikakkiyar jimla, da ma'auninta. In ka shigo ajin za ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ji Tangale da Sayanci, can baya kuma 'yan kudu na yi da Burokin. Ni kaina ba na juya lakca zuwa Hausa daga gaban allo, domin akwai waɗanda ba su ji sosai, kuma ba zan cire wa wani ƙaya in soka wa wani ba. Akwai wani ɗan Billiri da bai taɓa ɗaga hannu ba tun da aka fara zango. Makon jiya shi ya tashi ya gyara wa rukuninsu zanen ƙarfin da ke kan akwati a gangare, kuma daidai ya yi.

Mutuminka, malamin nan na ofishin kusa da matakala, bai ji daɗi ba. Ya ce jarrabawa da Turanci ake yi, ina lalata yara. Damuwarsa gaskiya ce, ni ma ina son su fita suna rubuta rahoton da za a karanta a ko'ina. Amma na tuna masa cewa Newton da Latin ya wallafa dokokinsa a 1687, Ibn al-Haisam kuma da Larabci ya rubuta aikinsa kan haske da gani a ƙarni na 11. A nan gida ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci shekara shida, bai bar yaran a baya a Turanci ba. Ya ce wannan firamare ce. Na ce to ya shigo ajina ranar Laraba ya gani da idonsa, kuma ya amsa zai zo.

Abin da ke damuna shi ne yawansu. Ɗakin lakca cike yake har tagogi, ni kaɗai ba zan zagaya kowane rukuni ba. Ina lallashin wasu 'yan ajin ƙarshe su riƙa taya ni, musamman masu harshe biyu ko uku, sai dai ba ni da abin ba su ko na kuɗin keke Napep.

Nan ne nake buƙatarka. Ƙasar da kake ciki ta koma koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a 2003, sannan a 2009 ta sanar za ta janye tsarin. Waɗanda suka yi makaranta a lokacin su ne abokan karatunka yanzu. Don Allah ka zauna da biyu ko uku ka tambaye su da wane harshe suke tunani in suna warware tambaya, da yadda malamansu na jami'a suka yi da su a shekarar farko. Ka rubuto mini dalla-dalla, ba irin saƙonka na layi biyu ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce man zafin nan ya ƙare, ka aiko da wani in an samu mai zuwa. Ka shafa mini kan yara.

Naka,
Na-Yelwa