Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya a kan kuskuren farashi a manyan kantuna

Zuwa ga 'yar'uwa mai tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayar da kika aiko mini a bainar jama'a, kuma tunda a fili kika yi ta, na ga ya dace amsar ma ta fito fili, domin ba ke kaɗai wannan al'amari ya shafa ba. Kin ce kin ɗauki kaya a wani babban kanti, da kika isa wurin biya sai na'ura ta nuna kuɗin da ya haura wanda aka rubuta a bakin kanta. Kantin kuwa yana da rubutacciyar ƙa'ida cewa duk wanda aka caje shi fiye da farashin da aka manna, za a bar masa kayan kyauta. Kin nemi a cika wannan ƙa'ida, aka cika, amma wata ƙawarki ta ce kin ci abin da ba guminki ba. Shi ya sa kike tambaya ko abin da kika karɓa halal ne, ko ya halatta ki sake karɓa idan kin koma kin tarar ba a gyara ba, da kuma abin da ya kamata ki yi ranar da kuskuren ya faɗo ta inda za ki amfana.

Ra'ayina shi ne abin da kika karɓa haƙƙinki ne, kuma ƙawarki ta yi miki hukuncin da bai hau kanki ba. Abin da mai kanti ya yi alkawarinsa da bakinsa, ya rubuta ya kafe inda kowa zai gani, karɓarsa ba kwaɗayi ba ne. Wanda ba ya halatta shi ne abin da kika san a ranki cewa bai yi nufin ba ki ba.

Domin a fahimci dalilin wannan ƙa'ida, sai an san inda kuskuren yake fitowa. Farashin kaya a babban kanti yana zaune ne a wuri biyu. Akwai wanda ke cikin kwamfutar kamfani, wanda na'urar wurin biya take karantowa idan an haska zanen layukan nan da ke jikin kaya, akwai kuma 'yar takardar da ma'aikaci ya soka a bakin kanta da hannunsa. Na cikin kwamfuta ana sauya shi cikin daƙiƙa daga ofis, na bakin kanta kuwa sai mutum ya bi layi-layi yana zare tsohuwar takarda yana sa sabuwa. Idan rangwame ya ƙare cikin dare, aka wayi gari ba a cire takardarsa ba, mai saye zai ɗauki kaya a kan farashin jiya, ya biya na yau. Tun daga ranar 26 ga Yuni, 1974, da aka fara haska irin wannan zane a kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, 'yan kasuwa suka riƙa barin manna farashi a jikin kowane kaya, abin da ya rage musu aiki da kuɗin ma'aikata ƙwarai da gaske. Sauƙin ya shiga aljihun mai kanti, haɗarin kuma ya koma kan mai saye, wanda yanzu sai ya haddace farashin kaya ashirin ko talatin daga bakin kanta zuwa wurin biya kafin ya gane an zarce masa. Binciken da Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta fitar a 1998 ya sami kuskure a kimanin kaya 1 cikin 30 da aka gwada, kuma a kayan da ke kan rangwame kuskuren ya fi karkata ga cutar da mai saye.

Saboda haka ne wasu ƙasashe suka ɗora wa kuskuren tara. A lardin Kwibek na Kanada, tun 2001 doka ta ce duk ɗan kasuwar da yake son a sauke masa nauyin manna farashi a jikin kowane kaya, dole ya karɓi sharaɗin biyan diyya idan na'urarsa ta caji fiye da abin da ya rubuta. A 2002 manyan kantunan sauran sassan ƙasar suka fito da irin wannan tsari bisa raɗin kansu: idan kuɗin kayan bai wuce dala 10 ba, a ba mai saye kyauta, idan ya wuce, a rage masa dala 10. A jihar Mishigan ta Amurka doka ta ba wanda aka zarce wa kwana 30 ya koma da rasiɗinsa, a mayar masa da rarar da aka karɓa, a ƙara masa ninkinta goma, muddin ƙarin bai gaza dala 1 ba kuma bai haura dala 5 ba. Duk wanda ya dubi waɗannan tsare-tsare zai ga an yi su ne domin kuskure ya riƙa yi wa mai kanti zafi. Idan iyakar abin da zai biya shi ne rarar da ya karɓa, kuma ga wanda ya lura kaɗai, to babu abin da zai sa ya gaggauta gyara, domin a bayan mutum guda da ya duba rasiɗi akwai da yawa da suka cusa nasu a jaka suka wuce. Wanda ya tsaya ya nemi diyyar, ko ya sani ko bai sani ba, ya yi wa waɗannan mutane aiki.

Ta fuskar addini ma ban ga inda matsalar take ba. Ayar Suratun Nisa'i ta gina halaccin ciniki a kan yardar juna, kuma an ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka gindaya. Babu wanda ya tilasta wa mai kanti ya kafa allon da ke cewa zai bayar da kaya kyauta idan ya yi kuskure, a inda kuma doka ta tilasta, ya buɗe kantinsa yana sane da ita. Yana kuma cin moriyar allon, domin jama'a suna shiga kantinsa hankali kwance saboda shi. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ya kamata ya ji nauyinsa.

Sai batun komawa, wanda ya fi na farko buƙatar natsuwa. Idan kina buƙatar kayan, kika koma bayan kwanaki kika tarar tsohuwar takardar tana nan inda take duk da an sanar da su, laifin sakaci nasu ne, kuma kina da damar sake nema. Ban ma zargi wanda yake duba farashi da gangan yana neman inda aka yi kuskure ba, muddin abin da ya faɗa a wurin biya gaskiya ne, domin aikin da ma'aikatan kanti ya kamata su yi shi ne yake yi musu. Inda nake ja da baya shi ne inda dabara ta shigo. Yawancin waɗannan ƙa'idoji sun iyakance kyautar ga kaya na farko kawai idan an sayi iri ɗaya da yawa, sauran kuwa a sayar da su a kan farashin da aka rubuta. Haka yake a tsarin Kanada, haka ma ƙarin diyyar Mishigan. Wanda ya san da wannan sharaɗi, sai ya raba kayan ga 'yan gidansu kowa ya bi layi daban kamar ba su san juna ba, ya karya sharaɗin da yake kafa hujja da shi. Wanda kuma ya zare takardar farashi daga ƙarƙashin kaya mai araha ya soka a ƙarƙashin mai tsada, ko ya ga wani mai saye ya ajiye kaya a gurbin da ba nasa ba, ya karanta sunan da ke jikin takardar ya ga ba ɗaya ba ne, amma ya dage cewa farashin nan ya gani, wannan ya bar neman haƙƙi ya shiga ha'inci, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mai saye ba.

Tambayarki ta uku ita ce ta fi nuna halin mutum. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an rubuta farashi, ciniki ya faɗa ke nan. Dokar Ingila, da ta ƙasashen da suka gaji tsarinta, ba haka ta ɗauka ba. A shari'ar kamfanin Boots ta 1953, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa jera kaya a kanta gayyata ce kawai; mai saye ne yake tayawa idan ya kai kayan wurin biya, mai kanti kuma shi yake sallamawa. Wannan bai ba ɗan kasuwa lasisin yaudarar jama'a da farashin ƙarya ba, domin dokokin kare masu saye suna hukunta hakan, amma ya nuna cewa kuskuren alƙalami ba ya mallaka wa mutum dukiyar wani. Tun kafin nan, a 1939, wata kotun Ingila ta duba ƙarar wani ɗan kasuwa da aka yi wa tayin fatun zomo 30,000, inda masu sayarwa suka rubuta farashi a kan kowace laba ta nauyi a maimakon a kan kowace fata, ya kuwa yi wuf ya amsa. Kotu ta ce ba yadda za a yi mai wannan sana'a ya kasa gane kuskure ne, ta ƙi ba shi gaskiya. A Singafo kuma, a 2003, wani kamfani ya sa na'urar buga takardu mai dala 3,854 a kan dala 66 a shafinsa na intanet, mutum shida suka yi odar guda 1,606, kotuna suka ƙi tilasta wa kamfanin ya ba su. Abin da alƙalan suka duba a shari'o'in nan biyu shi ne sanin mai saye, kuma shi nake so ki riƙa dubawa.

Ba kowace araha ce kuskure ba. Idan na'ura ta nuna ƙasa kaɗan da abin da ke kanta, mai yiwuwa an rage farashin ne a kwamfuta ba a riga an sauya takarda ba, kuma kalma ɗaya ga mai karɓar kuɗi ta wadatar; sau da yawa zai ce ki tafi da shi a haka, kin ga ya zama naki da yardarsu. Amma idan kin ga kayan da kika san darajarsa ya fito a kan kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, ko kika isa gida kika tarar da abu a leda wanda ba ya cikin rasiɗi, ko aka ba ki canjin da ya fi naki, babu wani ruɗani a nan. Na kan ji masu cewa ai kamfani ne babba, ba zai ji a jikinsa ba, ko kuma ai sun sha cutar mu ba mu sani ba, wannan ramuwa ce. Hujja ta farko tana nufin dukiyar mai arziki halal ce ga duk wanda ya sami hanya, kuma babu mai yarda a yi masa haka ranar da ya zama shi ne mai abin. Ta biyu kuwa ta mai da mutum mai ƙara, alƙali, kuma mai zartar da hukunci a ɓoye, a kan bashin da shi kansa bai san adadinsa ba. Wanda ya buɗe murya ranar da aka zarce masa, sannan ya yi gum ranar da aka rage masa, da mudu biyu yake awo, kuma irin wannan awon ne farkon Suratul Muɗaffifina ya yi wa kashedi.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, wato ma'aikaciyar da ke zaune a bakin na'ura. Idan aiki ya tashi, takan ja akwatin kuɗinta ta ƙirga a gaban shugabanta, a gwada da abin da na'ura ta lissafa, kuma a wurare da dama giɓin da aka samu yakan jawo mata takardar gargaɗi ko a cire daga albashinta. Canjin da ya wuce naki, wanda kike ganin na kamfani ne, sau da yawa daga aljihunta zai fita. Haka nan ranar da aka zarce miki, ba ita ta rubuta farashin ba, ba ita ta manta da cire takarda ba, kuma galibi ba ta da ikon ba da kyauta sai manaja ya sa hannu. Ina jin ciwo ƙwarai idan na ga mai saye yana da gaskiya amma ya zubar da ita da tsawa a kan wanda ba shi da laifi kuma ba shi da bakin ramawa.

Don haka idan hakan ta sake faruwa, ki duba rasiɗinki kafin ki bar harabar kantin, ki ɗauki hoton takardar farashin tun ba a zare ta ba, ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinta, domin a nan ake sa ranar ƙarewar rangwame da girman kayan da ake nufi. Ki nemi manaja cikin ladabi, ki nuna masa ƙa'idar da suka rubuta, sannan ki roƙi a gyara farashin a gabanki saboda masu zuwa bayanki. Idan kantin ba shi da irin wannan ƙa'ida kuma dokar wurin ba ta tanadi diyya ba, abin da za ki nema shi ne a sayar miki a kan farashin da aka rubuta ko a mayar miki da kuɗinki ki bar musu kayansu, kada ki nemi kyautar da babu wanda ya yi miki alkawarinta. Idan kuwa suna da ƙa'idar suka ƙi cikawa, ko kika lura kuskuren nasu kullum gefe ɗaya yake faɗawa, ki adana rasiɗin da hoton, ki kai koke ga hukumar da ke kare haƙƙin masu saye a inda kike.

Wassalam,
Ɗan'uwanki.