Amsa ga ɗana mai buhunan gero a Dawanau

Assalamu alaikum.

Ɗana, na ji tambayar da ka aiko mini ta gidan rediyo. Ka ce ka sayi gero da kaka, ka kulle a sito kana jiran azumi ya ƙarato farashi ya ɗaga, kuma da guminka ka saya, to wace doka ka taka? Lokacin shirin ya ƙure, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan ce ka taka doka ba. Amma ka tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a nan Dawanau kan zargin ɓoye abinci. Kafin hukuma ta iso, gidaje nawa suka kwana ba a ɗora tukunya ba? Ita doka sai ɓarna ta bayyana take zuwa, kuma iyakarta ta hana mafi muni. Ba ta shiga zuciyar mai sito.

Masana ɗa'a sun daɗe suna kai kawo a kan wannan. Bentham da Mill na Ingila cewa suka yi a auna aiki da sakamakonsa, wato amfanin da ya kai ga mafi yawan jama'a. A wannan sikelin, sayenka na kaka alheri ne. Manomin Bichi ya sami mai saye lokacin da hatsi ya yi ambaliya, kai kuma ka biya dako da maganin ƙwari ka adana shi zuwa lokacin buƙata. Ribar wannan halaliyarka ce, kada kowa ya sa ka ji kunyarta. Shi kuwa Kant na Jamus tambaya ɗaya yake yi: za ka yarda kowa ya yi abin da kake yi? Ƙaddara kowane sito a Dawanau ya rufe har goma ga azumi.

Malamanmu na Malikiyya ma a nan suka ja layi. Ajiya lokacin wadata babu laifi, ɓoyewa lokacin da za ta cutar da jama'a ita ce ihtikari, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya kira mai yin sa mai laifi.

Bara na tsaya a gaban wani mai awo a kasuwar Rimi, wata dattijuwa ta kwance bakin mayafinta ta ƙirga kuɗin sau biyu, sannan ta ce a ba ta rabin kwano na kunun marayun da take riƙo. Hannunta yana rawa wajen ƙulle ledar. Har yau abin bai bar raina ba.

Don Allah, ɗana, lissafa jarinka da dako da kuɗin sito, ka ɗora riba wadda za ka iya faɗa a gaban mahaifiyarka, ka buɗe ƙofar nan kafin a ga wata. Idan lissafin ya rikice maka, ka same ni a rumfa bayan la'asar mu yi shi tare.

Naka,
Babanka a harkar hatsi