Ciwon ƙugu: ba kowa ne ke buƙatar hoto da allura ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan ciwon ƙugu, wato ciwon ƙasan baya, domin ni likitan iyali ne a nan Sakkwato, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban ga wani ya shigo dafe da ƙugu ba. Akwai 'yan kabu-kabu, da 'yan dako na kasuwar Kara, da manoman albasa da ke wuni duƙe a fadama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da wannan ciwo a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin ɗari ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi.

Duk da haka, kusan magani ɗaya muke yi wa kowa: a ɗauki hoto, a yi allura, a ce mutum ya kwanta ya huta. Hoton yakan nuna ɗan zaizayewar ƙashi irin wanda shekaru ke kawo wa kowa, sai mutum ya koma gida da fargabar cewa bayansa ya lalace.

Masana a Jami'ar Keele ta Ingila sun fito da wani tsari mai suna STarT Back, wanda ke raba marasa lafiya gida uku bisa haɗarin ciwon ya zaunar da su. Tambayoyi tara ne kacal, kamar ko ciwon yana sauka ƙafa, ko yana hana tafiya mai nisa, ko mutum yana tsoron motsa jiki, ko ya fidda ran warkewa. Mai ƙaramin haɗari bayani da shawarar ci gaba da harkokinsa sun ishe shi. Na tsakiya a tura shi sashen gashin ƙashi, mai babban haɗari kuwa a haɗa masa gashin da kula da tsoro da damuwar da ke ransa. Gwajin da aka buga a mujallar Lancet a 2011, kan mutum 851, ya nuna ƙarin sauƙi da raguwar kashe kuɗi, amma da aka gwada tsarin a jihar Washington ta Amurka ba a ga irin wannan amfani ba.

Ra'ayinmu likitocin iyali ya rabu a kai. Wasu abokan aikina na cewa wanda layi ke jiransa har bakin ƙofa ba shi da lokacin cike takarda, kuma idon gwani ya fi tambayoyi tara. Maganar lokaci gaskiya ce, amma ta biyun ban yarda da ita ba. Na taɓa duba wani dattijo da ya shafe watanni yana salla a zaune, ya sha ƙaho wurin wanzami, ya sha ƙwayoyin kemis har cikinsa ya fara ciwo. Sau biyu ina rubuta masa magani ban gano komai ba. Sai a zuwa na uku na ce, "Baba, me kake tsoron zai faru in ka yi ruku'u?" Ya ce an gaya masa lakarsa za ta tsinke. Da na duba shi da kyau na tabbatar masa ba haka ba ne, muka fara motsa jiki kaɗan-kaɗan, yanzu a tsaye yake bin jam'i. Tambayar tana cikin tsarin tun farko, ni ne ban yi ta ba.

Sai dai ba za a kwaso shi yadda yake a dire mana ba. Bahaushe in ka tambaye shi ko yana cikin damuwa, "Alhamdu lillahi" zai ce, don haka tambayoyin na buƙatar Hausar da za ta buɗe bakin mutum ba tare da ya ji kamar yana kai ƙarar ƙaddara ba. Haka kuma dole a fara tantance alamun haɗari, domin a nan tarin fuka na kama ƙashin baya. Zazzaɓi da rama, raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari ba su jiran wata takarda.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su gwada tsarin a wasu ƙananan asibitoci, a horar da ma'aikatan jinya su yi tambayoyin tun mutum yana kan layi, sannan a kai masu gashin ƙashi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don kada manomi daga Goronyo ko Wurno ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa birni duk mako.

Wassalam.

Wani likitan iyali,
Mabera, Sakkwato.