Jadawalin darasi yana tauye haziƙan ɗalibanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ba a cika kula da shi ba idan ana zancen gyaran ilimi, wato jadawalin darasi da ake mannawa a ofishin malamai a farkon kowane zango. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma na ga yadda takardar nan take danne haziƙan yara ba tare da iyayensu sun sani ba.

A yawancin makarantunmu darasi minti 40 ne, a buga ƙararrawa, wannan malami ya fita wancan ya shigo. Akwai wata yarinya da na koyar a aji 2 na ƙaramar sakandare, wadda kafin in gama rubuta misali na biyu a allo ta riga ta warware tambayoyin ƙarshen babin. Sauran lokacin sai ta zauna tana zane a bayan littafinta, ko in ce ta taimaka wa na kusa da ita, wanda a gaskiya ni na mayar da ita ƙaramar malama ba tare da na ƙara mata komai ba. Na so in riƙa tura ta aji 3 a lokacin lissafi kaɗai, amma a daidai lokacin da 'yan aji 3 ke lissafi ita tana darasin Turanci, kuma babu yadda za a yi ta rabu biyu. Kafin shekara ta ƙare ta daina ɗaga hannu a aji, abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

A babbar sakandare ma haka ne. Lissafi mai zurfi, wanda ake rubutawa a WAEC da NECO, na sha ganin an tura shi darasin ƙarshe, lokacin da rana ta take kuma yunwa ta kama yara, ko a ajiye shi ranar Juma'a da ake tashi da wuri. Wasu za su ce a yi musu darasin yamma, sai dai yaranmu da la'asar suna Islamiyya, a makarantun da ake karatun safe da na rana kuma ba a ma samun ajin da babu kowa.

Ban manta ba cewa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977, gwamnatin tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, Jigawa kuma tana da tata a Bamaina. Amma yara nawa waɗannan za su ɗauka? Tsallakar da yaro aji gaba ɗaya kuwa yana da nasa cikas, domin wanda ya yi zarra a lissafi yana iya zama tsaka-tsaki a Turanci, ga kuma ƙa'idar shekara 16 ta shiga jami'a tana jiransa.

Shawarata ita ce a daidaita lokacin lissafi na aji 1 zuwa 3 ya faɗo a lokaci guda, ta yadda yaro zai shiga ajin da ya dace da fahimtarsa, ya dawo cikin tsararrakinsa a sauran darussa. Haka kuma a haɗa darasi biyu ya zama minti 80 sau ɗaya a mako, domin aikin ɗakin gwaje-gwaje da tambayoyi masu wuya ba sa yiwuwa ana kallon agogo. Na san makarantar da ke da malamin lissafi guda ba za ta iya wannan ba, amma masu uku ko huɗu ba su da uzuri. Ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi su umarci sufetocinsu su duba jadawalin kowace makaranta kafin zango mai zuwa ya kama.

Wassalam,
Malamin lissafi, daga Zariya.